Fadar Kawsan da Ta Zama Masauki: Abin da Ke Jiran Iyalin da Za Su Rayar da Tsohon Otal

Wanda ya hau rufin Otal ɗin Abzin a Agadez da yamma, hasumiyar babban masallaci ce za ta fara cika masa ido: mita 27 na ginin ƙasa zalla, itatuwa sun yi mata cirko-cirko ta kowane gefe. Tsakanin otal ɗin da masallacin bai wuce tsallaka hanya ba. A Faransanci sunansa Hôtel de l'Aïr, amma waɗanda suka gina shi ba su da baƙi masu biyan kuɗin ɗaki a ransu. Fada ce da aka yi wa Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da dakaru suka iso daga Damagaram suka karya ƙawanyar, Kawsan ya yi arewa, aka kashe shi a Fezzan ta Libiya a 1919. Gidan ya tsira. Daga baya ya koma masauki, babban ɗakin ganawa ya zama wurin cin abinci.

Ba harkar cikin gidan wannan otal na zo tonawa ba. Na fara da shi ne domin shi ne hoton da ke cikin kan matasa da yawa masu tsohon gida a Agadez, ko a Birnin Damagaram, ko Zariya, ko Katsina. Yaro ya yi karatu a waje, ya ga yadda aka mai da tsofaffin gidajen Marrakesh masaukai masu tsada, ya dawo ya durƙusa gaban ƙanen mahaifinsa ya ce, "Baffa, gidan nan na Kaka fa yana zubewa. Me zai hana mu gyara shi mu riƙa saukar da baƙi?" Shawara ce mai kyau. Sai dai a ganina mai irin wannan buri yakan ɗauka gyaran ginin ne babban aikin, alhali ginin shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwa uku da ke jiransa. Na biyu shi ne wa zai kwana a ciki. Na uku, wanda ya fi kowanne kashe irin wannan sana'a, shi ne na wa ne gidan bayan shekara ashirin.

A fara da ginin, tun da shi ake gani. Ginin ƙasa ba ya son abu biyu: ruwa a kansa da ruwa a gindinsa. Magina na gargajiya sun san haka, shi ya sa duk dabararsu ta karkata ga korar ruwa. Suna fitar da indararo nesa da bango, suna yi wa katanga gindi mai kauri ta tafi tana sirancewa, kuma a ƙasar Hausa suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi sau ɗaya a huta. Yaɓe aikin shekara-shekara ne, kuma itatuwan da ke jikin hasumiyar Agadez su ne matakalar masu yi mata yaɓe. Hasumiyar da aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, aka sake ta a 1844, tana tsaye ne saboda hannu bai taɓa ɗaukewa daga jikinta ba.

Otal kuwa gidan ruwa ne. Baƙon zamani yana son banɗaki a cikin ɗakinsa, da ruwan wanka mai zubowa daga sama, da masai mai jan ruwa. Ɗaki goma sha biyu na nufin banɗaki goma sha biyu, kowanne da bututun shiga da na fita. Idan aka binne bututu a cikin bangon tubali ya fara ɗiga, babu wanda zai sani sai ranar da bangon ya kumbura ya zauna. Masu gyaran da suka san aikinsu sukan tattara banɗakunan a gefe guda, ko su yi musu sabon gini a jikin tsohon, su bar bututu a sarari inda ido zai gan shi, su kai ramin ƙazanta nesa da tushen katanga. Wannan yana rage yawan ɗakunan da za a samu, kuma a nan ake fara gardama tsakanin magini da mai kuɗi.

Sai siminti, wanda mutane suka ɗauka magani ne. Mai gida ya gaji da yaɓe, sai ya sa a shafe bangon ƙasa da siminti, ya ce ya huta. Shekara biyu ko uku abin gwanin kyau. Amma bangon ƙasa yana numfashi: yana shan laima yana fitar da ita. Siminti yana toshe wannan hanya, laimar da ta taso daga ƙasa ko ta shiga ta tsaga sai ta maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe a bayan fatar simintin, wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya ta fito da rabin bangon. Tsofaffin gidaje da dama da suka faɗi, gyaran ganganci ne ya fara cinye su kafin damina ta ƙarasa. Damina kuma ta daina wasa. Ruwan 2024 ya yi wa gidajen tsohon garin Agadez ɓarna, kuma a Satumbar wannan shekarar tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rufta.

Akwai kuma maganar faɗin ɗaki. Azara, wato giginyar da aka tsaga, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kusan mita biyu, shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana, manyan soraye kuma sai da bakan gizo da ɗaurin guga. Wanda ya rushe bangon tsakiya don ya sami ɗaki mai ɗaukar babban gado da kujeru, ya taɓa abin da ke riƙe da rufin. Wanda ya yaye rufin ƙasa ya sa kwano ya rabu da yaɓe, amma ya sayi zafi, kuma zai biya shi a kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki, a garin da zafin Mayu da Yuni ke haura digiri 40. Bango mai kauri da rufin ƙasa suna riƙe zafin rana ba ya isa ciki sai dare ya yi. Wannan sanyi kyauta ne, kuma yana cikin abin da baƙo ya zo nema.

A nan ne iyali suka fi kamfani. Manajan da aka ɗauko aiki yana duba littafin kuɗi, mai gida da ke kwana a gidan yana jin ƙarar ɗigar ruwa da tsakar dare. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin a gidan ta san kusurwar da gara ke fitowa da indararon da ke toshewa duk shekara. Babu inda ake sayar da wannan ilimi. Abin da ake saya shi ne aikin magini, shi ma yana ƙaranci, domin 'ya'yan magina sun koma bulo da siminti, marina sun ragu, katsi ya yi wuya, giginya ta yi nisa.

Kuɗin gyaran fa? Mutane sukan ji cewa UNESCO ta sa tsohon garin Agadez cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, su zaci kuɗi ya biyo baya. Asusun da hukumar ke da shi don wannan aiki miliyoyin dala ne ƙalilan a shekara, ana raba shi tsakanin wurare fiye da dubu. Abin da shiga jerin ke kawowa shi ne suna da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana hana mai gida yin yadda ya ga dama da bangonsa. A Amurka, inda gyaran tsofaffin otal na ƙananan garuruwa ya zama ruwan dare, gwamnatin tarayya tana rage wa mai gyara haraji da kashi 20 cikin ɗari na abin da ya kashe, idan ginin yana cikin rajistar tarihi, yana kawo kuɗi, kuma an bi ƙa'idar gyara. Tun dokar 2017 ana raba rangwamen a kan shekara biyar. Tsari ne mai ma'ana, amma yana amfanar wanda ke da harajin da za a rage masa da bankin da zai karɓi gininsa jingina. Mai gidan ƙasa na gado, wanda takardarsa ita ce shaidar dattawan unguwa, da aljihunsa da na dangi zai yi aikin. Shi ya sa gyara ɗaki-ɗaki ya fi masa: a gama uku, a fara saukar da mutane, abin da ya shigo a taɓa na huɗu.

To, wa zai sauka? Tarihin Agadez na shekara arba'in da suka wuce darasi ne a kan wannan tambaya, kuma a kanta zan fi daɗewa. A shekarun 1980 garin ya zama ƙofar Tenere da duwatsun Abzin ga Turawa. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya sha yada zango a can. Mano Dayak, wanda filin jirgin garin ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya fara yin suna. Direbobi, masu jan raƙumi, maƙeran azurfa masu gicciyen Agadez, masu dafa abinci, duk suna ci daga watanni huɗu na sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu. Tawayen Abzinawa na farko, na 1990 zuwa 1995, ya tsayar da komai. Da aka yi sulhu, jiragen shata suka riƙa zuwa kai tsaye daga Faransa, aka buɗe sababbin masaukai, da yawansu na iyali. Sai tawaye na biyu ya ɓarke a 2007. A 2008 aka soke tseren Dakar saboda barazana, a 2009 ya koma Kudancin Amurka bai dawo ba. A Satumbar 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit, ma'aikatun harkokin waje na Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirarsu. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa.

Garin bai mutu ba, baƙinsa ne suka canza. Matafiya masu neman Libiya suka cika shi, tsofaffin direbobin Turawa suka koma jigilarsu. A 2014 aka sami zinariya a Jado, masu haƙa da masu saye suka riƙa ratsawa. Dokar da Nijar ta yi a 2015 ta haramta safarar baƙin haure, ta durƙusar da waccan kasuwa, amma ta jawo ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da jami'an Tarayyar Turai, waɗanda ke kama ɗaki na wata da watanni. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a bayan gari. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, sojoji suka soke dokar a Nuwamba, Amurkawa suka tattara suka fice a Agustan 2024, kuma a farkon 2025 aka sace mata biyu Turawa a cikin garin, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu. Ka ƙirga sau nawa ke nan mai masauki ya wayi gari ya tarar da waɗanda ya ƙawata ɗakunansa dominsu sun daina zuwa, kuma babu ko ɗaya daga cikin dalilan da ke hannunsa.

Bari mu yi lissafin misali, da lambobin da na ɗauka don sauƙin fahimta kawai. A ce masauki mai ɗaki 12. Idan ya dogara da Turawan hunturu, rabin ɗakunan suka cika na kwana 120, ya sayar da kwana 720. A kan jika 20 ta sefa, wato dubu 20, kowane dare, ya tashi da miliyan 14 da dubu 400. Idan kuma ya sauko da farashi zuwa jika 10, ɗaki biyar kacal suka riƙa samun mutum duk shekara, ya sayar da kwana 1,825, ya tashi da miliyan 18 da dubu 250. Na biyun ya fi wahala, ya fi cin ruwa da wanki, amma ba ya jiran sanarwa daga Paris. Baƙinsa su ne ɗan kasuwar Damagaram ko Kano da ya zo sayen fata da azurfa, ma'aikacin gwamnati daga Yamai mai tafiyar kusan kilomita 950, 'yan ɗaurin aure, masu zuwa bikin Bianu, da masu wucewa Ingal a Satumba don taron makiyaya na lasar gishiri. Bature idan ya zo, riba ce a kan riba.

Amma kafin ɗan gida ya sauka, akwai wani shinge da ba a gani a takardar lissafi: kalmar otal kanta. A kunnen Bahaushe da yawa, otal wurin giya ne da mata masu zaman kansu. Dattijo mai mutunci ba ya so a ce an gan shi yana fitowa daga otal, balle a ce 'yarsa can take aiki. Iyalin da suka mai da gidan kakansu otal za su sha tambaya a masallacin unguwa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, saukar da baƙo don sana'a tsohon abu ne a wurinmu, mun dai manta sunansa. Fatoma ke nan, ko maigidan zango. A zamanin fataucin goro da shanu, daga Kano har Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan, falke yana sauka a gidan maigidansa, a ba shi ɗaki, matan gida su ciyar da shi, a ajiye masa kaya da kuɗi, a haɗa shi da mai saye, a tsaya masa idan an ba da bashi. Yawanci ba a karɓar kuɗin ɗaki, daga la'adar ciniki maigida ke ci. Jarinsa amana ce, kuma ɗansa yana gadon baƙinsa kamar yadda yake gadon gidan.

Darasin fatoma ga mai masaukin yau shi ne ɗaki ba shi kaɗai ke kawo kuɗi ba. Abinci, ɗaukar biki a tsakar gida, ba da soro haya don taro, haɗa baƙo da amintaccen direba ko maƙeri, duk suna iya fin kuɗin kwana. Kasancewar matan gida da yara a wani sashe kuma ita ke wanke sunan wurin: inda Hajiya ke kula da tukunya, magidanci zai yarda ya sauke iyalinsa. Wannan yana da farashinsa. Gidan Bahaushe an tsara shi ne don baƙo namiji ya tsaya a zaure, masauki kuwa yana shigo da shi ciki. Dole a fitar da ƙofa biyu da tsakar gida biyu, in ba haka ba matan gidan su ne za su zama baƙi a gidansu. Marrakesh ɗin da ake kwatance da ita ma ba ta tsira ba: yawancin gidajen da suka zama masaukai baƙi ne suka saye su, farashi ya tashi, masu unguwa suka koma bayan ganuwa.

Saura na uku. Masauki mafi daɗewa a hannun zuriya ɗaya da aka fi ambata shi ne Hoshi, a lardin Ishikawa na Japan, wanda aka kafa a shekara ta 718, ya ratsa zuriya 46. Sirrinsa ba ɓoyayye ba ne: mutum ɗaya ke gadon duka, ya ɗauki sunan Zengoro, idan babu ɗa namiji a mai da suruki ɗa a ba shi sunan. Ko da hakan ba kullum ake dacewa ba. Keiunkan da ke Yamanashi, wanda ya girme shi da shekara 13, ya kai zuriya 52, sannan a 2017 ya koma hannun ma'aikacin da ba ɗan gidan ba, don babu mai karɓa a cikin dangi.

Musulmi ba shi da wannan hanya. Ranar da maigida ya rasu, gidan ya zama na magada: mata su ɗauki tumunin takaba, namiji rabon mata biyu, wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Mutum mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar ya bar masauki mai masu shi goma sha takwas. Wanda ya zuba kuɗinsa da ƙuruciyarsa a gyaran yana ganin nasa ne, 'yan uba suna ganin yana ci shi kaɗai, wadda ke aure a Tawa tana son a fitar mata da nata ta biya wa ɗanta makaranta, kuma tana da gaskiya. Ƙarshen abin da aka saba gani shi ne a ja katanga a tsakar gida, ko a sayar wa mai kuɗi ya rushe ya yi shaguna.

Shari'a ba ta ce sai an raba tubali ba, haƙƙi ta ce a raba, kuma nan mafita take. Magada suna iya barin gidan a dunƙule su kafa kamfani, kowa ya riƙe hannun jari daidai rabonsa, abin da dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta tanada. Wanda ke son fita ya sayar wa 'yan'uwansa, kuma fiƙihun Malikiyya ya riga ya ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, wato ya riga bare damar saye. Maigida yana iya yin hubusi tun yana da rai da lafiya, gidan ba ya sayuwa ba ya rabuwa, amfaninsa na zuriya. Kowace aka zaɓa, sai an yi abin da ya fi yi mana nauyi: a rubuta. A rubuta nawa ɗan da ya dawo daga waje ya zuba, bashi ne ko jari. A yanka wa mai gudanarwa albashi, ko da shi ne babban wa, domin ribar da ta rage ta zama ta kowa. A biya ƙanwar da ke tashi da asuba tana soya wa baƙi ƙosai, kada a ce ai gidansu ne. A kuma yanke tun farko kwana nawa ɗan'uwa zai yi a ɗakin baƙi kyauta, don a gidan Bahaushe wanda ya zo jinya daga ƙauye ba a miƙa masa takardar biya, kuma ɗaki uku na iya tafiya a haka har wata shida.

Watan da ake gane ko an yi wannan shiri shi ne Mayu. Sanyi ya wuce da baƙinsa, zafi ya kori sauran, kuɗin wuta ya ninka, akwatin kuɗi ya yi ƙasa. A daidai lokacin ne magini zai zo ya zagaya rufi, ya ƙwanƙwasa azara ya ji wadda gara ta ci, ya faɗi kuɗin ƙasa da na leburori, ya ce a gama kafin hadarin farko. Idan an ware kuɗin yaɓe tun Janairu, a asusun da babu mai taɓawa don biki ko suna, washegari za a fara kwaɓa ƙasa a ƙofar gida. Idan ba a ware ba, sai a fara buga wa magada goma sha takwas waya ɗaya bayan ɗaya.